Yadda maganaɗisu ke gadin ƙofar sito

A yankin Gozaki da ke ƙaramar hukumar Kafur a jihar Katsina, manomi kan adana masara da dawa na tsawon watanni yana jiran farashi ya tashi a kasuwannin Funtuwa da Malumfashi. Sau da yawa kuma siton yana nesa da ɗakin da mai shi ke kwana.

Wata 'yar na'ura mai arha dai na iya shaida masa ko ƙofar tana rufe, ba tare da ya fita cikin dare ba.

Jigon na'urar shi ne wani makunni da aka ƙirƙiro a dakunan binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka cikin shekarun 1930. Wasu siraran ƙarafa biyu ne a cikin ɗan bututun gilashi, waɗanda ba sa taɓa juna sai an kusanto da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe.

Akan kafa makunnin a jikin dogarin ƙofa, a manna maganaɗisun a ƙyauren daura da shi. Daga nan sai a ja waya zuwa batir mai volt 12 da ƙaramin ƙwan fitila na LED a ɗakin maigida.

Idan ƙofa na rufe, ƙarafan na haɗe, wuta na zagayawa, fitila na ci. Da zarar an buɗe ta, maganaɗisun ya yi nisa, sai fitilar ta mutu. Amfanin wannan tsari shi ne ko da ɓarawo ya yanke wayar, fitilar za ta mutu, maigida ya gane akwai matsala.

Wajibi ne a sanya rezista mai ohm 1,000 tsakanin batir da ƙwan, domin ta rage wutar zuwa kimanin miliamfa 10. In ba haka ba ƙwan zai ƙone nan take.

Ana kuma iya amfani da na'urar Hall, wadda ta samo suna daga Edwin Hall, masanin da ya gano a 1879 cewa maganaɗisu na karkatar da wutar lantarkin da ke bi ta cikin ƙarfe. Ba ta da gilashin da zai fashe, sai dai tana cin wuta a kodayaushe.

To sai dai kuma ƙofar ƙarfe na rage ƙarfin maganaɗisu, don haka akan sa katako a tsakaninsu. Fitilar dai sanarwa kawai take yi, ba ta maye gurbin kwaɗo mai ƙwari.