Farin ƙwaro a jikin alobera: a ajiye fiya-fiya tukuna

Daga nan Tsaskiya ta ƙaramar hukumar Safana nake magana, kuma yau kan alobera za mu tsaya, 'yar'uwar zabuwar nan ta dajinmu, wadda yanzu 'yanmata da yawa ke shukawa a bokitin fenti saboda gyaran fuska da gashi.

Tambayar da ta fi zuwa mini ita ce, wani farin abu kamar auduga ya fito a tsakanin ganyen, me zan fesa? To mu nan manoma ne, kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshin wake ko kwalbar fiya-fiya a lungu, hannu kuma can yake fara zuwa. Don Allah a dakata. Wannan ganyen fa shi za ki yanka gobe ki shafa a fuska, wasu har sha suke yi. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya yana ratsa fata ya shiga jiki, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa saboda rayukan da ya ci.

Farin abin nan ba auduga ba ce, ba kuma ƙura ba. Ƙwaro ne mai laushi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya lulluɓe kansa da wani farin gari mai kama da kakin zuma. Yana soka bakinsa a ganye ya yi ta tsotson ruwan shukar. Rigar tasa ba ta shan ruwa, shi ya sa ko an yi feshi sai maganin ya zame ya bar shi a zaune. Macen kuma tana zuba ɗaruruwan ƙwai a cikin farin curin da kike gani.

Kafin ki ga ƙwaron, za ki ga kiyashi. In kika ga suna hawa da sauka a jikin shukar, ba yawon banza suke ba. Ƙwaron yana fitar da wani ruwa mai zaƙi, irin maiƙon da darɓa ke bari a ganyen dawa, kiyashi kuma su sha. A madadin haka suna gadinsa, suna korar ƙwarin da ke cinye shi, har ɗaukarsa suke yi su kai wata tukunyar. Kiwo ne sosai. In kin kashe ƙwaron kin bar kiyashin, za su dawo miki da wani.

Mutanen Batsari, gidan rogo, ya kamata su san danginsa. Wani irinsa ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, ya yi wa rogo mummunar ɓarna a ƙasashe da dama. Ba feshi ne ya kawo ƙarshensa ba. Masana a cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga can mahaifar ƙwaron, wanda ke saka ƙwai a cikin jikinsa, aka fara sakinsa a Najeriya a 1981. Ƙwaro ya kashe ƙwaro. Feshi mai ƙarfi kuwa irin waɗannan mataimakan yake fara kashewa.

To me za a yi? Da farko ki raba tukunyar da sauran. Sai ki je kemis ki sayo sifirit, wanda ake goge wurin allura da shi. Ki naɗa auduga a kan tsinken tsintsiya, ki tsoma, ki bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya. Sifirit yana narkar da farar rigar, nan take za ki ga ƙwaron ya canja launi ya mutu. Ki buɗa ganyen a hankali ki leƙa can gindi inda suka haɗu, don nan ne maɓoyarsu. Aikin yana cin lokaci, amma tukunya biyu ko uku gare ki, ba gona ba.

In sun yi yawa, ga bedi a ƙofar gida. Ki samo busassun 'ya'yansa, ki fasa ki ciro ƙwayar ciki kamar gram 50, ki daka, ki jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana. Da safe ki tace da tsumma, ki ɗan narka sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye. Ban da garin sabulun wanki, yana ƙona ganyen. Ki fesa da yamma bayan la'asar sakaliya, domin rana tana kashe ƙarfin bedi, kuma jiƙaƙƙen ganye a rana tsaka yana tabo. Wannan haɗin yana yi wa darɓa ma.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne su yi sau ɗaya su ce an gama. Ƙwan da ke ɓoye yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda zuwa kwana 10. Saboda haka a maimaita duk mako har sau 3 ko 4, ko da ba a ganin komai. Kuma duk ganyen da za ki yi amfani da shi, ki wanke shi tas kafin ki yanka.

Akwai wanda ba ya fitowa sama sam. Shukar tana yamushewa, kina ba ta ruwa, ba ta farfaɗowa. Ki zazzage ta daga bokitin ki duba saiwar. In kin ga farin gari a jikinta, su ne. Ki wanke saiwar, ki bar ta a inuwa kwana 2 ko 3 ta bushe, ki zubar da tsohuwar ƙasar nesa da gida, ki wanke bokitin da ruwan zafi, ki sake dasawa a ƙasa mai yashi da yawa. In kuwa saiwar ta yi baƙi tana wari, wannan ba ƙwaro ba ne, ruwa ne ya yi yawa. Alobera tana ajiye ruwanta a ganye, sai ƙasa ta bushe ƙayau ake ƙara mata, bokitin kuma dole a huda masa gindi.

Gara kuma ta wannan hujin take shigowa in bokitin yana zaune a ƙasa. A ɗora shi kan bulo, a zagaye da toka, a riƙa sabunta ta in ta jiƙe. Tokar tana rage wa kiyashi hanya su ma.

Wadda za ta karɓi ɗan alobera daga maƙwabciya ko ta sayo a kasuwa, ta ajiye shi gefe mako 2 tana leƙa gindin ganyen kafin ta haɗa shi da nata. Wanda ya ga wani ƙwaro daban a tasa shukar, ya ɗauki hoto ya turo mana mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.