Musanyar Adireshi da Sarrafa Ƙofofi a Ƙwayar Manhajar Linux

1.0 Gabatarwa

Duk na'urar da za ta yi hulɗa a intanet sai ta mallaki adireshi. Tsarin IPv4, wanda aka tabbatar a 1981, ya yi wa adireshi faɗin bit 32, wato adireshin da za a iya samarwa bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba. A ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta. Duk da haka na'urori sun ci gaba da ƙaruwa, harka kuma ba ta tsaya ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dabarar da ta sa haka ta yiwu, wato musanyar adireshi, wadda ake taƙaitawa da NAT, da yadda ƙwayar babbar manhaja ke aiwatar da ita. Abin da ake nufi da ƙwaya shi ne ɓangaren manhaja da ke hulɗa da ƙarafan na'ura kai tsaye.

2.0 Adireshi da Ƙofa

Kjeld Egevang da Paul Francis ne suka bayyana dabarar a rubuce a 1994. A 1996 kuma aka tabbatar da rukunonin adireshi na cikin gida, kamar waɗanda ke farawa da 10 ko 192.168, waɗanda kowa zai iya amfani da su amma ba sa fita waje. Lamarin ya yi kama da makarantar da ke da akwatin gidan waya guda: ɗalibai dubu na rubuta wasiƙa da lamba ɗaya, masinja ne ya san wanda zai miƙa wa kowace amsa.

Abin da ke bambanta wata hulɗa da wata shi ne ƙofa. Ƙofa lamba ce mai bit 16, daga 0 zuwa 65,535. An keɓe wasu don ayyuka sanannu, alal misali 80 da 443 na shafukan intanet, 25 na aika wasiƙun imel.

3.0 Aikin Ƙwaya

A Linux, sashen da ke wannan aiki shi ne Netfilter, wanda Rusty Russell ya assasa, ya kuma shiga fitowa ta 2.4 a 2001. Saƙo yana tafiya ne gunduwa-gunduwa a cikin ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da bayanai biyar: nau'in hulɗa, adireshi da ƙofar mai aikawa, da adireshi da ƙofar wanda aka aika wa.

A ɗauka kwamfutoci biyu ne a ofis, 192.168.1.10 da 192.168.1.11, duka sun zaɓi ƙofa ta 50000 don neman shafi guda. Da ƙunshin farko ya iso na'urar da ke bakin hanya, sai ƙwaya ta goge adireshin cikin gida, ta sa na waje, a ce 203.0.113.5, ta bar ƙofar yadda take. Da na biyu ya zo, sai ta ga bayanan za su yi karo, saboda haka ta ba shi wata ƙofa, a ce 50001. Takan kuma sake lissafin tantancewa da ke kan ƙunshin, domin in ba haka ba mai karɓa zai ɗauka ya lalace a hanya. Kowace musanya tana shiga rajista. Ƙunshin farko kaɗai ake dubawa da ƙa'idojin musanya. Sauran da amsoshinsu rajistar suke bi.

4.0 Matsaloli

Ke nan dabarar gaba ɗaya ta dogara ne ga tunawa. Rajista tana da iyaka, kuma idan ta cika ƙwaya takan zubar da sababbin ƙunsoshi, mai amfani ya ga hanya ta toshe ba tare da ya san dalili ba. Don haka ake share tsofaffin layuka: bisa saitin asali, hulɗar TCP da ta kafu kan jira kwana 5, ta UDP da ba a amsa ba kuwa daƙiƙa 30.

Na biyu, baƙon da ba a san da zuwansa ba ba ya samun shiga. Ƙunshin da ya zo daga waje babu layinsa a rajista ba shi da wanda za a miƙa wa, sai in mai kula ya ƙayyade cewa ƙofa kaza ta kwamfuta kaza ce.

Na uku, kamfanonin waya da dama kan tara masu hulɗa masu yawa a bayan adireshi guda, har aka keɓe musu rukunin 100.64 a 2012. Idan ɗaya ya yi ɓarna aka toshe adireshin, laifin wani ya shafi wani.

5.0 Kammalawa

A dunƙule, musanyar adireshi ta sayi lokaci ne, ba ta ƙara ko adireshi ɗaya ba. Maganin ƙarancin shi ne IPv6 mai bit 128. Kafin ya game duniya, amsar saƙon miliyoyin mutane za ta ci gaba da rataya a kan layi guda da ƙwaya ta rubuta, ba ta kuma manta ba.