Bayani: Yadda ake ɗaura wa jita maratayi ba tare da an yi asarar ta ba

Daga dandalin bukukuwan Agadez zuwa zaurukan waƙar baka na jami'o'in Kano da Zariya, jita ta zama abin kiɗan matasan da ke da abin faɗa. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawa ta ci kyautar Grammy a 2012 da kundin Tassili, wanda akasarinsa aka naɗa da jitar katako marar lantarki. Amma mai son ya miƙe tsaye gaban jama'a da irin wannan jita, tilas ya rataye ta, kuma a wurin ratayar ne da yawa ke yin ɓarna.

Lamarin ya shafi aljihu. Daga waje ake shigo da jita, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Jitar da ta faɗi ta karye a yau, maye gurbinta ba ƙaramin aiki ba ne.

Me ya sa maɓalli ɗaya kawai ake gani?

Jitar lantarki takan zo da maɓallai biyu na saƙala maratayi. Ta katako kuwa sau da yawa ɗaya ne gare ta, a gindinta, inda akwai dunƙulen katako daga ciki mai iya ɗaukar nauyi. Mai tsirkiyar roba, wadda al'adar Sifaniya ta tanada don kaɗawa a zaune, galibi ba ta da ko ɗaya. Saboda haka, kafin a sayi maratayi, a fara duba irin jitar da ke hannu, domin ita za ta nuna hanyar da za a bi cikin uku.

Hanya ta farko: ɗauri a ka

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ba a huda komai. Za a saƙala bakin maratayi ɗaya a maɓallin gindi. A ɗaya bakin a zura igiya mai ƙwari, ko da ta takalmi ce, a bi da ita ta ƙarƙashin tsirkiyoyi, daidai bayan ɗan farin ƙashin da ya raba wuyan jita da kanta, sannan a ƙulla sau biyu. Kada igiyar ta hau kan tsirkiyoyi, kuma kada a ɗaura ta a kunnuwan da ake murɗawa, domin sautin zai kauce.

Akwai masu cewa wannan ɗauri yana lanƙwasa wuyan jita. Lissafi bai goyi bayansu sosai ba: nauyin jitar katako bai cika wuce kilo 2 da 'yan kai ba, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan nan da ƙarfin kusan kilo 70 dare da rana. Ainihin aibin hanyar shi ne igiyar kan tokare hannun mai kiɗa a saman wuya, kuma jitar takan zame gefe guda.

Hanya ta biyu: dasa maɓalli a dunduniya

Dunduniya ita ce kaurin katakon da ke wurin da wuya ya haɗu da gangar jiki. Dasa maɓalli a nan ya fi daidaita jita a ƙirji, sai dai kuskure ɗaya na iya tsaga katakon.

Wurin da masu gyara suka fi zaɓa shi ne gefen dunduniyar da ke kallon ƙasa idan an riƙe jita. Ta haka maratayin zai zagayo ya rungume dunduniyar, nauyi ya danna shi a kan maɓallin maimakon ya fizge shi. Ga bahago, kamar Mdou Moctar na Nijar, wanda ke juya jita ta ɗaya ɓangaren, ƙa'idar ba ta canzawa: a riƙe ta yadda za a kaɗa, sannan a nemi gefen da ke ƙasa.

Kafin a ɗaura sukuru, wajibi ne a fara huda ɗan rami da bakin da bai kai kaurin sukurun ba, a naɗa salatif a jikin bakin don kada ya zarce zurfin da ake so. A goga sabulu ko kyandir a jikin sukurun, a sa ɗan zoben yadi tsakanin maɓalli da fenti, a ɗaure da hannu a hankali. Tura sukuru cikin katakon da ba a huda ba shi ne babban abin da ke fasa dunduniya.

Akwai gargaɗi biyu. Wasu kamfanoni, irin su Taylor, da noti suke haɗa wuya da jiki, don haka a leƙa ta bakin jitar a ga inda ƙarfen yake kafin a huda. Na biyu, kada a dasa maɓalli a bangon gefen jita, domin kaurinsa wajen milimita 2 ne kacal, sai idan an manna ɗan katako daga ciki. Wanda hannunsa bai saba ba, ya kai wa gwani.

Hanya ta uku: ƙugiya

Ga jitar da ba ta da maɓalli ko ɗaya, akwai maratayin da ake sawa a wuya, ya bi ta ƙarƙashin jitar, ƙugiyarsa ta kama leɓen bakinta. Ba ya buƙatar huda, amma tallafi kawai yake yi. Da an saki hannu biyu, jitar za ta kife.

Abin da hunturu ke yi

Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu, danshi a Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20. Katako yakan ƙanƙance, kuma a jitoci da dama maɓallin gindi cusa shi kawai aka yi kamar toshiya, ba a ɗaure da sukuru ba. Idan ramin ya saki, sai ya zare ba zato. A riƙa jijjiga shi kafin kowane wasa. Idan yana motsi, a naɗa masa 'yar takarda a mayar.

Ramin fatar maratayi ma yakan buɗe da daɗewa. Ƙaramin zoben roba da aka tura bayan fatar ya isa ya hana ta suɓucewa. Haka kuma maratayin leda yana iya cin fentin wasu jitoci idan aka bar su manne a cikin jaka, don haka a cire shi bayan an gama.

Ba dole ba ne maratayin ya fito daga waje. Dukawan da ke ɗinka wa makaɗan kalangu nasu za su iya yanka na fata mai faɗin santimita 5, wanda ba zai ci kafaɗa ba. A daidaita tsawonsa yadda jitar za ta tsaya a inda take zama idan mutum yana zaune, sannan a gwada shi a kan katifa kafin a hau dandali.