Digirin Ɗalibin Da Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da yawa daga cikin masu neman digiri na biyu da na digirgir a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, magidanta ne masu iyali: malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ke tasowa daga unguwannin gari irin su Sama Road zuwa mazaunin jami'ar na dindindin a Dundaye. Karatun da aka ɗebar wa shekara biyu ko uku yakan zarce haka, balle ma da yajin aikin malaman jami'o'i, wanda ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Cikin wannan dogon jira, wani sai ajali ya riske shi. To, ina makomar wahalarsa?

Bisa al'adar jami'o'in ƙasar nan, ba a ba da babban digiri sai ɗalibi ya kammala kundin bincikensa, an gayyato masani daga wata jami'a ya duba shi, sa'an nan ɗalibin ya zauna gaban malamai ya kare abin da ya rubuta da bakinsa. Bayan haka ne Majalisar Dattawan jami'a ke amincewa. Wanda ya rasu bayan wannan amincewa ba shi da matsala, digirinsa ya tabbata, magada su karɓi takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ya miƙa kundi, ya cika kafin ranar jarrabawar baka.

Masu tsananta ƙa'ida suna cewa digiri shaida ce ta abin da aka jarraba, kuma mamaci ba ya amsa tambaya. Maganarsu tana da nauyi. Amma fa kundin yana nan, mai duba aikin yana raye, masanin waje kuma zai iya karantawa ya yanke hukunci ko aikin ya kai ko bai kai ba. Jami'o'i da dama a ƙasashen waje sun rubuta sharuɗɗa a kan haka. A Amurka ma, bayan harbin da aka yi a jami'ar Virginia Tech ranar 16 ga Afrilu, 2007, inda mutum 32 suka mutu, jami'ar ta bai wa ɗaliban da aka kashe digirorin da suke nema, ciki har da masu karatun gaba da digirin farko, iyalansu suka karɓa a bikin yaye ɗalibai na watan Mayu.

Takardar ba za ta ƙara wa marigayi girma a wurin aiki ba, wannan kam kowa ya sani. Sai dai kundin da aka amince da shi yakan shiga ɗakin karatu da sunan mai shi, na baya su amfana su ambace shi. Wanda ba a duba ba kuwa, yakan ƙare a kabad ɗin sashe, ko cikin akwatin da matar marigayi ba ta san wa za ta kai wa ba.