Ba Ƙiba, Sai Tumbi: Haɗarin Da Sikeli Ba Ya Nunawa

A fada, da saurayi ya fara ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. Likitoci ba haka suke gani ba. Namiji kan kasance marar ƙiba, alhali kitse ya taru kewaye da hantarsa da hanjinsa. Wannan kitsen na jawo hawan jini da ciwon sukari, har jijiyoyin zuciya su toshe.

Binciken INTERHEART na 2005, a ƙasashe 52, ya gano cewa girman ciki ya fi nauyin jiki nuna haɗarin bugun zuciya. Ari magwajin tela, ka auna ɗan sama da cibiya. In ya wuce rabin tsawonka, rage sukarin shayi, yawaita tafiya a ƙasa, ka je a auna jininka.