Ƙungiyoyin LGBT a jami'o'in Amurka da Birtaniya

Ɗalibin da ya isa jami'a a Birtaniya ko Amurka zai tarar a makon farko an jera tebura a babban zaure, kowace ƙungiya tana neman sababbin mambobi. Kusa da teburin 'yan ƙwallo da na ɗalibai Musulmi, sau da yawa akwai mai tutar bakan gizo. Wannan ce ƙungiyar LGBT, ta 'yan maɗigo, 'yan luwaɗi, masu sha'awar maza da mata, da masu sauya jinsi.

Ta farko da hukumar jami'a ta amince da ita a Amurka ita ce ta Jami'ar Columbia a 1967. Lokacin mambobinta na tsoron bayyana sunayensu.

Ƙungiyoyin kan bambanta abu biyu da jama'a ke cakuɗawa: wanda mutum yake sha'awa, da yadda yake ɗaukar kansa, namiji, mace ko wani abu dabam. Aikinsu ya haɗa da hira a ɗakin taro, da kai ƙorafin tsangwama ga hukumar makaranta.

A Najeriya kuwa, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai shiga irin wannan ƙungiya.