Yadda Ake Gano Gubar Hunhuna a Cikin Abincin Dabbobi

A ƙasar Madarunfa, kamar sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi, kiwon turka ya dogara ne bisa harawar gyaɗa da ta wake, da dusa, da tunkuza. Waɗannan kuwa duk abinci ne da hunhuna ke kamawa in ya sha raɓa ko aka tara shi da sauran danshi. Hunhuna, wadda Kanawa ke ce wa fumfuna, ido na ganinta. Gubar da take zubawa ce ba a gani, ba ta da wari, suya kuma ba ta kashe ta. Mai tsara littafin yaƙi da jahilci ya kamata ya raba waɗannan abubuwa biyu tun daga suna.

Masana suna kiran gubar afalatoksin. An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Hanta take ci. In saniya ko akuya ta ci, wani kashi yakan fito cikin nono, ya isa ga yara. Fari na ƙarshen damina, wanda manoman Maraɗi suka sani sarai, yana sa ta shiga gyaɗa tun tana cikin ƙasa, don haka ƙananan kwanson da ke maƙale a harawa su ne abin tuhuma na farko.

Aikin awo yana farawa ne daga ɗibar samfur, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Gubar ba ta bazuwa daidai: ƙwaya ɗaya tana iya ɗauke da abin da ya ishi ɓata buhu, alhali maƙwabtanta lafiya lau. Saboda haka ake ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasan tari, a haɗa, a niƙa ya yi laushi, a gauraya, sa'an nan a auni ƴan giram. Komai tsadar na'ura, ba ta gyara samfurin da aka ɗiba da ganganci.

Daga nan sai a jiƙa garin cikin ruwan metanol, a girgiza, a tace. Tsohuwar hanya ita ce a ɗiga ruwan a gindin faranti na gilashi mai shafen hodar silika, a tsai da shi cikin wani ruwan magani. Ruwan yakan hau farantin kamar yadda kananzir ke hawan lagwani, yana jan abubuwan da ke ciki, kowane ya tsaya a matsayinsa. In aka haska fitila mai hasken ultrabayolet cikin duhu, gubar takan yi ƙyalli, wata shuɗi, wata kore. Daga wannan launi aka sami sunayen B1 da B2 na shuɗin, G1 da G2 na koren. B1 ta fi kowacce muni.

Hanya ta biyu, ELISA, tana aiki ne da ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda ba su kama komai sai wannan guba. Launin ruwan gwajin yakan dushe gwargwadon yawanta. Tana da sauri da araha, kuma cibiyar ICRISAT, mai tasha a Sadore kusa da Yamai, ta yi ƙoƙari wajen sauƙaƙa ta. Akwai kuma na'urar HPLC, wadda ta fi tabbaci, sai dai tana son kuɗi da lantarki marar yankewa.

Sakamakon yakan fito ne da mikrogiram cikin kilo. Tarayyar Turai ta sa iyakar B1 a kan 20 ga kayan haɗa abincin dabbobi, 5 ga abincin shanun tatsa. Wannan lissafi ba ya faɗa wa makiyayi komai. In aka ce masa giram 1 ne cikin ton 50, wato buhu 500 masu kilo ɗari, zai gane dalilin da ya sa ido ya kasa.

Game da suna, guba ta fi dafi dacewa, domin dafi na maciji ne da kibiya, guba kuwa ta baki take shiga. Littafin da za a karanta a Madarunfa da Gabi da Ɗan Isa gara ya rubuta hunhuna, ya ambaci fumfuna sau ɗaya don masu karatu na Kano.